Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Darasin da Ke Cikin Marsandi W126

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutane, musamman a majalisun da ake hirar motoci, wai duk wanda ya iya sayen Marsandi ba ya tambayar kuɗin mai. Ma'anar zancen ita ce, motar ƙasaita an yi ta ne domin a nuna isa, saboda haka yawan man da take sha ba aibi ba ne, hasali ma wani ɓangare ne na adonta, kamar yadda yawan yadi yake ƙara wa babbar riga kwarjini. Wannan magana tana da daɗin ji, amma kuskure ce, kuma babu abin da ya fi saurin ƙaryata ta kamar tarihin ita Marsandin kanta. Motar da da yawa daga cikin masana suke ɗauka ita ce gwarzuwar manyan Marsandi, watau wadda kamfanin Daimler-Benz na ƙasar Jamus ya laƙaba wa lamba W126, an zana ta ne tun daga farko da tunanin tsimin mai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙuncin da duniya ta shiga game da man fetur a shekarun 1970 shi ne ya gyara wannan mota, ya kuma ɗaukaka ta bisa wadda ta gada da wadda ta gaje ta. Za a dubi zamanin da ta fito, da injinta, da ƙirar jikinta, da yadda waɗannan suka taru suka rage mata shan mai. Daga nan za a saurari masu suka, domin su ma suna da abin faɗa.

Zamanin da Ta Fito

A shekarar 1972 kamfanin ya fitar da wata babbar mota mai lamba W116, wadda ita ce ta fara amsa sunan S-Class a hukumance. Mota ce mai faɗi da nauyi, an yi mata bamba mai hawa biyu ta ƙarfe mai ƙyalli, gaba da baya. An ƙera ta ne a lokacin da gangar ɗanyen mai ba ta wuce dala 3 ba, kuma babu wanda ya zaci wannan araha za ta ƙare. Ba a rufa shekara biyu ba sai ga yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba 1973. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙo shi, suka kuma hana sayar da shi ga wasu ƙasashe, kafin a ankara ganga ta kai kusan dala 12.

Abin ya girgiza Turai ƙwarai da gaske. A Jamus ta Yamma, ƙasar da mutanenta suke alfahari da manyan hanyoyin da ba a ƙayyade musu gudu ba, gwamnati ta hana fita da mota har ranakun Lahadi huɗu, tun daga 25 ga Nuwamba 1973. Mutane suka riƙa yawo da ƙafa da kekuna a kan titunan da a da ba a iya ƙetare su. A Amurka aka kafa dokar hana wuce mil 55 cikin sa'a a farkon 1974, sa'an nan a 1975 majalisarsu ta yi dokar da ta tilasta wa kowane kamfani ya rage matsakaicin man da motocinsa suke sha, ko kuwa ya biya tara.

A cikin wannan hali ne injiniyoyin Stuttgart suka fara aikin motar da za ta gaji W116. Injiniya Werner Breitschwerdt yana cikin jagororin aikin, zanen jikinta kuwa yana hannun Bruno Sacco, mutumin Italiya da ya zama shugaban sashen zane na kamfanin a 1975. Aikin ya ci kimanin shekara shida. Da aka yaye mata lulluɓi a bikin baje kolin motoci na Frankfurt cikin watan Satumba 1979, sai ya zamana duniya ta sake faɗawa cikin wata tsadar man, a sakamakon juyin juya halin Iran. Hausawa na cewa idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Waɗannan mutane sun ji canjin kiɗan tun daga nesa, suka shirya masa.

Inji

Domin a gane abin da aka yi wa injin, ya kamata a fara duban abin da ake taƙama da shi kafin nan. Babbar yayar gidan a zamanin W116 ita ce 450 SEL 6.9, wadda ta fito a 1975. Injinta mai silinda takwas ne, cikinsa ya kusa lita 6.9, yana ba da ƙarfin doki 286, kuma tana iya gudun kilomita 225 cikin sa'a. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce, motar kuwa nauyinta ya haura kilo 1,900. Ba a yi fiye da guda 7,380 ba. Ko shakka babu abin mamaki ce, amma irin mamakin giwa ne, wadda sai an share mata daji kafin ta ƙoshi.

Da W126 ta zo, babbar cikinta ita ce 500 SE da 'yar'uwarta mai tsawo, 500 SEL. Injinsu shi ma silinda takwas gare shi, amma cikinsa lita 5 ne kawai, ƙarfinsa doki 240. Wanda ya tsaya ga lissafin dawaki zai ce an ci baya. Amma fa gudun da take yi daidai yake da na waccan, watau kilomita 225, alhali ta fi ta sauƙin nauyi da kusan kilo 280, ta kuma fi ta ƙarancin shan mai nesa ba kusa ba. Ashe ke nan dawaki arba'in da shida da aka rage ba su da wani aiki a da, illa ɗaukar kaya da kokawa da iska.

Babban sirrin wannan inji yana ga abin da aka zuba gangarsa da shi. Maimakon baƙin ƙarfe, an yi amfani da alminiyum da aka gauraya da sinadarin silikon. Alminiyum ba shi da nauyi, amma yana da taushi, fistin zai iya cinye shi cikin ɗan lokaci. Dabarar da aka yi ita ce, bayan an huda ramukan silinda, sai a wanke cikinsu da wani ruwan magani da yake ɗan zaizaye alminiyum, ya bar ƙwayoyin silikon masu tauri a fili, a kansu fistin yake hawa da sauka. Ta haka aka huta da sanya hannun riga na ƙarfe a cikin silinda. An fara gwada irin wannan inji a motar 450 SLC 5.0 kafin a kawo shi nan, saboda haka ba kasada aka yi da kuɗin mai saye ba.

Ban da manyan, akwai 380 SE mai lita 3.8 da ƙarfin doki 218. Akwai kuma ƙananan da aka gada daga tsohuwar mota, masu silinda shida a jere da lita 2.8, watau 280 S mai kafireto da ƙarfin doki 156, da 280 SE mai injekta da ƙarfin doki 185. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyu darasi ne shi kaɗai: girman inji ɗaya, amma wanda ake auna masa mai daidai da iskar da ya shaƙa ya fi wanda ake kwarara masa ƙarfi da kusan doki talatin. Bugu da ƙari, an ba manyan injuna sabon giyabos mai canja kansa, mai giya huɗu a maimakon uku.

Kamfanin bai tsaya nan ba. A 1981 ya fito da wani shiri da ya kira Energiekonzept, wato tsarin tattalin makamashi. A ƙarƙashinsa aka sake fasalin injin lita 3.8, aka daidaita haƙoran giya ta yadda inji zai riƙa juyawa a hankali a kan doguwar hanya, aka kuma sa na'urar da take yanke mai ɗungum idan direba ya ɗage ƙafa daga totur mota tana gangarawa. Abin lura a nan shi ne, da gangan aka rage ƙarfin injunan: mai lita 5 ya sauko daga doki 240 zuwa 231, mai lita 3.8 kuwa daga 218 zuwa 204. Kamfanin ya bayyana cewa ragin shan man ya kai kashi 22 cikin ɗari a wasu daga cikin motocin. Ba kasafai ake samun mai sayar da kayan alfarma ya fito fili ya ce na bana bai kai na bara ƙarfi ba, kuma masu saye su ci gaba da layi. Har a gaban direba an sa wata 'yar allura da take karkata zuwa ja idan ya cika taka totur, tana tuna masa cewa abin da yake ƙonawa kuɗi ne.

Domin kasuwar Amurka kuwa, inda dokar 1975 take jiran kowa da tara, an yi 300 SD mai injin dizal, silinda biyar, lita 3, tare da na'urar turbo da take amfani da hayaƙin salansa ta cusa wa inji ƙarin iska. Tun a 1978 aka fara wannan a jikin W116. Attajiran Amurka suka saye ta da yawa, ba su kuma ji kunyar tsayawa inda manyan motoci suke shan mai ba.

Ƙirar Jiki

Inji rabin magana ne. Mota tana kashe ƙarfinta ne wajen yaƙi da abokan gaba biyu: nauyinta da kuma iska. A cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa, nauyi ne yake cin mai, domin duk tashi sai inji ya ciccibi motar daga tsaye. A kan babbar hanya kuwa iska ce. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta taga mota tana gudu ya san iska ba banza ba ce. Ƙa'idar da masana suka tabbatar ita ce, idan gudu ya ninka biyu, tirjiyar iska takan ninka huɗu, ƙarfin da ake bukata a keta ta kuwa ya ninka takwas. Saboda haka motar da aka yi domin doguwar tafiya da sauri, siffar jikinta ba zancen ado ba ce kurum.

Akwai ma'aunin da ake gane santsin jikin mota da shi, wanda ake samu ta hanyar ajiye ta cikin wani dogon zaure a hura mata iska da manyan fankoki. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon sauƙin keta iska. W116 ta sami 0.41, W126 kuwa 0.36, ragin kusan kashi 12 cikin ɗari ke nan. An cim ma wannan ta hanyar abubuwa da yawa da ido ba ya saurin kamawa. An ɗan kwantar da hancin motar da gilashin gaba, an zagaye kusurwoyi, an ɗaga bayanta kaɗan, an tsuke ta ta wajen but, an kuma ɓoye waifa a ƙarƙashin leɓen bonet domin kada ta tare iska.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne bamba. Sacco ya cire masu ƙyallin nan na ƙarfe, ya sa na wata irin roba mai tauri, ya kuma bi gefen ƙofofi da faifan roba masu launin toka. Tsofaffin masu sayen Marsandi suka yi ta gunaguni, har Jamusawa suka yi wa faifan laƙabi da allunan Sacco, da nufin ba'a. To, amma bambar roba ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, tana shanye ƙaramin karo ta koma yadda take, kuma tana bi da iska ta ƙarƙashi da gefe. Faifan gefe kuma suna kare fenti daga tsakuwa. Ba a daɗe ba sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zamana da wuya a ga sabuwar mota da bambar ƙarfe. Sacco ya rasu a 2024, bayan ya ga abin da aka yi masa dariya a kai ya zama al'adar kowa.

Game da nauyi kuwa, an yi amfani da wani ƙarfe mai ƙarfin gaske a sassa da dama na jikin, wanda siririnsa yake yin aikin mai kauri. Wani zai yi tsammanin rage nauyi rage tsaro ne. A nan akasin haka aka samu. Tun a 1959 kamfanin yake bin dabarar injiniya Béla Barényi, wadda ta ce a yi ɗakin fasinja da tauri, a bar gaba da baya su lanƙwashe su shanye bugu. A W126 an ƙara wani mataki. Binciken haɗurra ya nuna cewa motoci ba su cika yin gaba da gaba sak ba, yawanci gefe ɗaya na hanci ne yake cin karo. Sai aka ƙera gabanta ta yadda zai rarraba irin wannan bugu, aka kuma gwada ta a gudun kilomita 55. A 1981 aka fara sayar da ita da jakar iska a cikin sitiyari da bel mai tsuke kansa lokacin haɗari. Birkin ABS, wanda yake hana taya cijewa, an riga an kawo shi tun 1978 tare da kamfanin Bosch. Hatta fitilun baya an yi musu gurza-gurza ne domin laka ta tsaya a tudun, haske ya fita ta kwarin.

Wannan shi ne abin da ya sa jikin motar bai tsufa da wuri ba. Kusan duk layin da ke jikinta yana da aikin da yake yi. Ado yakan tashi daga yayi, shi ya sa motocin Amurka masu fukafukai na ƙarshen shekarun 1950 suka zama abin kallo cikin 'yan shekaru. Abin da aka yi domin amfani kuwa, muddin amfanin yana nan, ba ya zama abin dariya.

Shan Mai

Da aka tara aikin inji da na jiki, kamfanin ya ce sabuwar motar ta rage shan mai da kimanin kashi 10 cikin ɗari bisa tsohuwar, tun kafin gyaran 1981. Mai karatu zai iya raina kashi goma, saboda haka bari a buga misali. A ƙaddara mota tana shan lita 15 a kowace kilomita 100. Idan ta yi tafiyar kilomita 300,000 a rayuwarta, abin da ba baƙo ba ne ga irin waɗannan motoci, ta sha lita 45,000 ke nan. Kashi goma na wannan shi ne lita 4,500. An kuwa ƙera W126 mai ƙofa huɗu fiye da 800,000 tsakanin 1979 da 1991, ban da mai ƙofa biyu da ta fito a 1981, wadda aka yi sama da 70,000. Duk wanda ya ninka waɗannan lambobi zai ga cewa abin da aka tsimi ba ɗigo ba ne, tafki ne.

Za a fi ganin darajar wannan aiki idan aka dubi yadda wasu suka tari matsalar. Kamfanin Cadillac na Amurka ya kai shekarar 1976 yana sayar da inji mai lita 8.2, wanda dokokin hayaƙi suka shaƙe har ƙarfinsa ya sauko wajen doki 190. Da tura ta kai bango, a 1981 ya fito da injin da yake kashe silinda biyu ko huɗu idan ba a bukatarsu. Tunanin yana da kyau, amma na'urorin zamanin ba su kai ba, injin ya yi ta ba da wahala, aka janye shi daga yawancin motocin bayan shekara guda. Bambancin a bayyane yake. Wancan ya jira sai da ruwa ya ci shi sa'an nan ya nemi abin kamawa. Mutanen Stuttgart kuwa sun sake motar ne tun daga tushe, suka tsinci ragi kaɗan a nan, kaɗan a can, har ya taru.

Abin da Masu Suka Ke Cewa

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Suka ta farko ita ce, duk da wannan yabo, W126 ba motar talaka ba ce, kuma ba mai tsimi ba ce idan aka gwada ta da ƙananan motocin zamaninta, balle na yanzu. Wannan gaskiya ne. Inji mai lita 5 ba zai taɓa zama na lita ɗaya da rabi ba. Amma ba a gwada doki da jaki wajen cin dawa, da ɗan'uwansa doki ake gwada shi. Tambayar ita ce ko motar ta yi aikin da aka yi ta dominsa da ƙarancin ɓarna fiye da wadda ta gabace ta, amsar kuwa ta riga ta gabata. Daɗin daɗawa, dabarun da aka fara gwadawa a jikin babbar mota su ne suke gangarowa ga ƙanana. Marsandi W124, wadda ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, ta gaji wannan tunani har ta kai 0.29 a ma'aunin iska.

Suka ta biyu ita ce, ba ita ce ta fi kowa santsi ba. Wannan ma haka ne, domin a 1982 Audi 100 ta fito da 0.30. Sai dai wannan bai rage mata komai ba, sai ma ya nuna cewa hanyar da ta bi ita ce kowa ya gane daidai ce.

Suka ta uku ta fi nauyi. Masu ita suna cewa tuban muzuru ne kamfanin ya yi, domin da farashin mai ya fara sauka, a gyaran da aka yi wa motar a 1985 sai ga 560 SEL mai lita 5.6, wadda ƙarfinta ya kai doki 300 a wasu ƙasashe. Ba za a musa wannan ba. Amma a wannan gyaran ne kuma aka kawo sababbin injuna masu silinda shida, 260 SE da 300 SE, waɗanda suka fi na da sauƙin nauyi da tsimi, aka kuma fara sa na'urar tace hayaƙi a motocin kasuwar Turai. Ainihin komawa gidan jiya ya zo ne a 1991, da fitowar magajiyarta W140. Wannan an zana ta ne cikin shekarun yalwa. Ta fi faɗi, ta fi tsayi, tagoginta gilashi biyu-biyu, babbar cikinta tana da silinda goma sha biyu da ƙarfin doki 408, nauyinta kuma ya haura tan biyu. Ingancinta ba abin musu ba ne, amma a Jamus kanta ta sha suka saboda girman da ya wuce kima. Da lokacin sake ta ya yi a 1998, sai kamfanin ya fito da W220, wadda ta fi ta ƙanƙanta da sauƙin nauyi. Wannan tamkar amsa laifi ne. A tsakanin nan kuma, a 1989, kamfanin Toyota ya shigo fagen da Lexus LS 400, mai inji lita 4 da ma'aunin iska 0.29, ya kwashe masu saye da dama a Amurka. Darasin da masu shi suka yi sakaci da shi, baƙo ya ɗauka.

Suka ta huɗu daga gareji take fitowa. Makanikai sukan ce injin alminiyum ba ya yafe ganganci: idan aka bari ya yi zafi, ko aka riƙa ɗura wa lagireto ruwan rijiya ba tare da maganin tsatsa ba, gyaransa sai wanda ya san shi, domin ba a yi masa bori irin na baƙin ƙarfe. Injekta kuma ba ta son gurɓataccen mai. Shi ya sa a wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci aka fi son 280 S mai kafireto. Wannan suka tana da tushe, kuma tana tunatar da cewa tsimin mai ba a masana'anta yake ƙarewa ba. Mota mafi kyawun ƙira, idan aka bar ta da toshasshiyar matatar iska da tayoyi marasa iska da filogi da ya mutu, za ta sha mai kamar wadda ba a yi wa tunani ba.

Inda Zancen Ya Shafi Nijeriya

Tsadar man da ta sa Jamusawa tafiya a ƙasa ita ce ta cika baitulmalin Nijeriya. Shekarun da W126 ta fito sun zo daidai da Jamhuriya ta Biyu, kuma manyan 'yan siyasa da attajirai sun shigo da ita Legas da Kaduna da Kano. Kafin nan gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi ƙoƙarin rage facaka, ta mai da Peugeot 504, wadda ake haɗawa a Kaduna tun 1975, motar manyan ma'aikata. Amma a ƙasar da litar fetur take kwabo 20 a 1982, babu mai sayen Marsandi domin ma'aunin iska. An sayi tauraron da ke kan bonet, ba a tambayi hikimar da ke ƙarƙashinsa ba. A irin wannan yanayi ne maganar da aka buɗe wannan maƙala da ita ta sami gindin zama.

Yau da gobe kuwa ba ta bar komai ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Manyan motoci da dama suka koma ƙarƙashin rumfa aka lulluɓe su. Tambayar da injiniyoyin Stuttgart suka yi wa kansu a 1973 ita ce mai mota a Nijeriya ya wayi gari yana yi wa kansa bayan shekara hamsin: nawa ne daga cikin man nan yake kai mutum inda za shi, nawa ne kuma yake tafiya wajen ɗaukar nauyin banza?

Kammalawa

W126 ta shekara goma sha biyu ana ƙera ta a Jamus, a Afirka ta Kudu kuwa aka ci gaba da haɗa ta har bayan nan. A can ne, cikin 1990, ma'aikatan masana'antar East London suka haɗa wata ja, 500 SE, a lokacinsu na kansu ba tare da karɓar lada ba, suka ba Nelson Mandela kyauta bayan fitowarsa daga kurkuku. Motar da aka yi wa ba'a saboda bambar roba ita ce ma'aikata suka ga ta dace da mutumin da suka fi girmamawa.

Abin da tarihinta yake koyarwa a taƙaice shi ne, ƙasaita da almubazzaranci ba tagwaye ba ne. An rage mata nauyi ta ƙara tsaro, an rage mata inji gudunta bai ragu ba, an cire mata ƙyalli ta daɗe ba ta tsufa ba. Duk wannan ya samu ne domin an tilasta wa masu ƙira su ba da hujjar kowane kilo da kowace lita. Ya kamata mai sayen mota, ko mutum ɗaya ne ko hukuma mai kashe dukiyar jama'a, ya riƙa neman irin wannan hujja kafin ya zura hannu aljihu. Wanda ya tambayi abin da motarsa take sha bai zubar da girmansa ba, domin waɗanda suka ƙera ta ma da wannan tambaya suka fara.